Jinjina ga Mai Wayarin da Ke Lissafi

Mai wayarin da ya cancanci jinjina shi ne wanda ke lissafi kafin ya ja waya. Dutsen guga mai shan amfiya 5 a wutar bolt 230: in ya raba, turjiyarsa om 46, in ya ninka, ƙarfinsa wat 1,150. Da wannan yake zaɓen kaurin waya da fis ɗin da ya dace. Wani zai ce gogewa ta wadatar, ai ido ya san kima. To, amma ido ba ya ganin zafin da ke taruwa a siririyar waya cikin silin. Ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ce ke hango shi tun rufin bai kama ba.