Haƙoran Roba da Harin Gwari: Waiwaye Kan Tsoffin Littattafan Jarumtaka na Yara

'Yan'uwa marubuta, duk wanda ya yi sakandare a zamaninmu da wuya a ce bai ci karo da King Solomon's Mines ba, wato littafin da H. Rider Haggard ya wallafa a 1885. Mun karanta shi a Haɗeja muna zumuɗi, muna fatan Allan Quatermain da abokansa biyu su kai ga taskar Annabi Sulaimanu lafiya. Sai da na sake ɗaukarsa da furfura a gemu na gane cewa a duk tafiyar nan ba mu ne jaruman ba, mu ne 'yan kallon da aka yi wa wayo.

Dubi yadda Turawan suka mallake mutanen Kukuwana. Kyaftin Good ya motsa haƙoransa na roba, jama'a suka firgita, suka ɗauke su mutanen taurari. Daga baya suka duba kalanda suka ga husufi na tafe, suka ce ikonsu ne. Umbopa, wanda shi ne magajin sarauta na gaskiya, bai hau gadonsa ba sai da taimakon bindigar baƙi. Ita kuwa Foulata, budurwar da ta ƙaunaci Good, marubucin ya kashe ta kafin ƙarshe, domin alƙalaminsa ba zai iya ɗaura wannan aure ba. Chinua Achebe ma ya faɗa cewa yana yaro bayan Turawa yake goya idan yana karanta irin waɗannan littattafai.

To, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu duba namu na gida, waɗanda gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙullin labarin ya faro ne daga harin kamo bayi a ƙasar Gwari. Muna tausaya wa Makau saboda sharrin da aka ƙulla masa a fada, muna kuka da mahaifiyar Umar da aka sayar, amma mutanen da aka kamo a gonakinsu ba su da suna, ba su da baki. A Ganɗoki na Bello Kagara kuma, jarumin da ya yi wa Nasara tsayin daka shi ne yake alfahari da karkashe waɗanda yake kira arna. Ashe ciwon ɗaya ne: a mai da wata al'umma ciyawar da dokin jarumi zai tattake.

Ba ina cewa a kulle waɗannan littattafai a akwati ba. Hausar Ganɗoki makaranta ce, kuma Haggard ya san yadda ake riƙe numfashin mai karatu. Abin da nake yi da ɗalibaina shi ne in sa su karanta, sannan in tambaye su: wa aka hana magana a wannan shafi? Me zai ce da an ba shi dama? Yaron da ya iya amsa wannan ba a ƙara yi masa wayo da haƙoran roba.

Babban aikin yana kanmu masu rubutu. Cyprian Ekwensi ya nuna a The Passport of Mallam Ilia, 1960, cewa Arewa na da abin da za a gina labarin kasada a kai. Mu a nan me muka rasa? Ga kogin Haɗeja da ambaliyarsa, ga dausayin Baturiya inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin hunturu, ga kacala da ta toshe hanyoyin kwalekwale, ga yaƙin 1906 da Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa. Wanda zai tura yara uku cikin wannan fadama, ya tuna cewa masuncin Bade da makiyayin Fulani da manomin Manga mutane ne masu suna da tunani, ba kayan ado ko abin ba'a ba. Idan ɗan Bade ya karanta littafinka a aji, ya ga kakansa ne wawan labarin, to ka zama Haggard mai rawani.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu jagora, amin.