4.3 Tarke a Kan Tsarin Manhajar NINJAM Wajen Haɗa Makaɗa

A wannan sashe za a duba yadda aka tsara manhajar NINJAM, wadda kamfanin Cockos na ƙasar Amurka ya fitar a shekarar 2005 domin makaɗa su yi kiɗa tare ta intanet. Ma'aunin da za a yi amfani da shi kuwa shi ne: shin abin da makaɗi yake gani a fuskar kwamfuta yana fahimtar da shi abin da yake ji?

Babbar matsalar irin wannan manhaja ita ce jinkirin isar sauti. Idan jinkiri ya wuce kimanin kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa, makaɗa kan fara saɓa wa juna. Saƙo a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka tsakanin Kano da Landan, mai nisan kimanin kilomita 4,500, tafiya kaɗai ta cinye fiye da kashi 20, tun kafin a lissafa jinkirin na'urori. Manhajar Jamulus, wadda Volker Fischer ya fara a 2006, ta ɗauki hanyar rage jinkirin iya gwargwado. Ita kuwa NINJAM sai ta ƙara shi da gangan.

Yadda take aiki shi ne, ana yanka kiɗa zagaye-zagaye. Alal misali, zagaye mai bugu 16 a kan saurin bugu 120 a minti yana ɗaukar daƙiƙa 8. Kowane makaɗi yana kiɗa ne a kan abin da abokansa suka kaɗa a zagayen da ya gabata. Wannan dabara abin yabo ce, domin ta kawar da fargabar nisa, kuma bugun kowa yana faɗawa daidai da na ɗan'uwansa.

Sai dai fuskar manhajar ba ta kai dabarar kyau ba. Da farko, tana nuna inda aka kai a cikin zagaye da ƙarfin sautin kowa, amma ba ta nuna wa makaɗi cewa abin da yake ji ya riga ya wuce. Baƙo kan ɗauka ana jin sa nan take, alhali babu mutum biyu da suke jin abu ɗaya. Na biyu, a ainihin tsarinta ana sauya saurin kiɗa ne ta hanyar rubuta umarnin ƙuri'a a akwatin hira. Wanda hannayensa biyu ke kan kayan kiɗa dole ya dakata kafin ya faɗi ra'ayinsa.

Illa ta uku ta fi girma, domin ta shafi irin kiɗan da manhajar take iya ɗauka. Kiɗan da ke maimaita kansa a kowane zagaye yana zama lafiya. Amma a ɗauki waƙa mai jagora da amshi, irin ta Alhaji Mamman Shata. Jagora ya yi ɗiya a zagaye na farko, 'yan amshi su ji ta a na biyu su karɓa, shi kuma sai a na uku amshin zai iso masa, wato bayan daƙiƙa 16. A nan karɓeɓeniyar da waƙar ta dogara a kanta ta rushe.

A ra'ayin wannan bincike, NINJAM ta magance matsalar daidaita bugu, amma ta bar makaɗi ya gano dokar wasan da kansa. Da a ce ana nuna lambar zagaye kusa da sunan kowane makaɗi, a kuma ba da damar jefa ƙuri'a da taka ƙafa, da an rage illoli biyun farko. Ta ukun kuwa tana cikin tushen dabarar, don haka wajibi ne manhajar ta bayyana wa mai amfani da ita tun farko irin kiɗan da ba za ta iya ɗauka ba.