3.4 Shaƙuwar Taurari da Karɓuwarta ga Masu Sauraro a Wasan The Magnus Archives

A wannan sashe za a duba dalilin da ya sa masu sauraron wannan wasa suka fi ɗokin zumuncin da ke tsakanin taurarinsa a kan dodannin da aka gina shi da su. Wasan na sauraro ne, irin wanda ake kira fodkas. Jonathan Sims ne ya rubuta shi, kamfanin Rusty Quill na Ingila ya watsa shi ta intanet daga 2016 zuwa 2021, cikin fitowa 200 da aka kasa kashi biyar.

Babban jigon wasan shi ne tsoro. A farkonsa, tauraro Jon, mai kula da ma'ajiyar takardu a wata ƙagaggiyar cibiyar bincike a Landan, yana karanta bayanan mutanen da suka yi gamo, yana ɗaukarsu a kaset. Sannu a hankali sai abin da yake karantawa ya fara cin ma'aikatan cibiyar kansu. Daga nan mai sauraro ya daina jin labarin baƙi, ya koma fargabar abin da zai sami mutanen da ya saba da muryoyinsu.

Misali na farko shi ne na Jon da mataimakinsa Martin. Da fari Jon raina Martin yake yi, shi kuwa Martin bai fasa kawo masa shayi ba. Wannan dangantaka ta yi ta ƙarfi har marubucin ya mayar da ita soyayya a fili. A fitowa ta 159, Jon ya kutsa cikin hazon kaɗaici ya fito da Martin. Masu sauraro sun riƙe ɗan zaman da su biyun suka yi a wani gida a Sikotland bayan wannan, suka yi ta zana hotuna da ƙaga nasu labaran a kansa, alhali kuwa abin da wasan ya nuna na zaman bai taka kara ya karya ba.

Haka kuma akwai Basira da Daisy, tsofaffin 'yan sanda kuma aminan juna. Daisy ta karɓi alkawari daga Basira cewa idan ta rikiɗe ta zama dodo ta kashe ta, kuma a fitowa ta 179 Basira ta cika alkawarin. Shi kuwa Tim, baƙin cikin rashin ƙanensa Danny ne ya kai shi ga sadaukar da ransa a fitowa ta 119.

Idan aka yi la'akari da waɗannan misalai, za a ga cewa shaƙuwa ita ce makamin da marubucin ya kaifafa tsoro da shi. Mutum ba ya fargabar rasa abin da bai damu da shi ba. Bugu da ƙari, kasancewar wasan na kunne ne, ba a cika siffanta taurarin ba, don haka rawar murya da jan numfashi da shiru su ne ke isar da ƙauna, mai sauraro kuma ya cike sauran da tunaninsa.

Sai dai akwai rauni ta fuska biyu. Na farko daga marubucin yake: Sasha, wadda wani dodo ya maye gurbinta a ƙarshen kashi na ɗaya, ba a ba ta isasshen fili ba kafin a kawar da ita, saboda haka zafin rashinta ya fi fitowa daga bakin Tim. Na biyu daga masu sauraro yake. Da yawansu sun ɗauki ƙauna a matsayin mafaka, wasan kuwa bai yi wannan alkawari ba. A wancan gida na Sikotland ne aka yaudari Jon ya karanta kalmomin da suka jefa duniya cikin bala'i a fitowa ta 160, kuma a fitowa ta 200 hannun Martin ne ya soki Jon da wuƙa, da yardarsa.

A taƙaice, sha'awar masu sauraro tana da tushe a cikin wasan, amma wanda ya raba shaƙuwar da asarar da ke biye da ita, rabin saƙon ya ɗauka.