Ƙarin Wat Ba Ya Wanke Muryar Shata

Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin masu son kiɗa a nan Ingila, har ta shigo gidajen mutanenmu: wai in risibar falonka ba ta ba ka sautin da kake so, ka sayo 'yar amfilifaya mai araha ka jona mata, shi ke nan kunnenka ya buɗe. Na bi shawarar da kuɗina. Dalilina kuwa yarana, waɗanda aka haifa a nan, in na sa musu Mamman Shata sai su ce kalangu kawai suke ji, kalmomin ba sa fita. Bayan wata uku ina saurare, hukuncina shi ne shawarar tana da gaskiyarta, sai dai gaskiyar ba ta shafi yawancinmu ba.

Risiba aiki biyu take yi. Tana zaɓar inda sauti zai fito ta daidaita ƙararsa, sannan ta tura wuta zuwa lasifika. Amfilifayar da ake ƙarawa aiki na biyun kawai take karɓa, kuma hanyar jona ta ita ce kafar da aka rubuta wa Pre-Out a bayan risiba. Ƙananan risibobi da yawa ba su da wannan kafa, don haka a leƙa baya kafin a biya kuɗi.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, to a nan ba araha ce matsalar ba. Ƙananan amfilifayoyin zamani, irin masu ɗauke da cif ɗin TPA3255 na kamfanin Texas Instruments, suna fitar da sauti mai tsabta, ba sa zafi sosai. Matsalar lissafi ce. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai wat ya ninka kusan sau goma. Lasifikar gida da yawa kuwa tana ba da kamar desibel 87 da wat ɗaya tak, in kana tazarar mita ɗaya da ita. A dokar aiki ta ƙasar nan, wanda ke yini cikin ƙarar desibel 85 dole a ba shi abin toshe kunne. To kai da bangonka ɗaya da maƙwabci, ina za ka kai wat 100? Risibarka ma ba ka taɓa cin rabin ƙarfinta ba.

Babban abin da shawarar ta manta shi ne abin da muke saurare. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Yawancin waƙoƙinsu da ke wayoyinmu daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma kwafin wani ne, aka ɗora a YouTube, wani ya sauke ya matse ya turo ta WhatsApp. A kowane zango an zubar da wani abu. Amfilifaya ba ta dawo da abin da ya zube. Abin da aka ba ta shi take ɗagawa, har da shuuu ɗin kaset. Wanka da gari ba ya maganin yunwa.

Ranar farko na rantse sauti ya gyaru. Da na auna ƙarar da manhajar waya na daidaita su, risiba ita kaɗai da kuma risiba da amfilifaya, sai na kasa bambancewa. Ashe sabuwar ce ta ɗan fi ƙara, kunne kuwa duk abin da ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi.

A yi mata adalci, akwai inda take da amfani. In lasifikarka mai om 4 ce mai cin wuta, ko falonka babba ne, ko risiba tana zafi ta ɗauke ana tsakiyar suna ko walima, ko lasifika biyar ko bakwai suna rabon wuta ɗaya lokacin fim, to kuɗinka bai faɗi ba. A nan ma a kula: wat ɗin da aka rubuta a kwali ya dogara da tukunyar wutar da aka haɗo da ita, mai bolt 32 ba za ta ba da abin da mai 48 za ta bayar ba.

Ni abin da ya yi mini magani ko fam ɗaya bai ci ba. Na janye lasifikun daga lungu, inda bango ke kumbura ƙugin ganga ya danne murya, na ɗaga su daidai kunne, na karkato su wajen kujera. Sannan na roƙi wani dattijo a Kano mai tara tsofaffin kaset ya turo mini kwafi a matsayin fayil, ba tare da an matse ba. A daren nan 'yata ta tsayar da waƙar sau uku tana tambayata ma'anar kalmomi. Amfilifayar tana cikin kwalinta, tana jiran wanda zai yi taro a babban zaure.