Littafin Ginemer: labari ne ko kirari?

Yau za mu duba wani littafi na Faransanci. Anri Bordo ne ya rubuta shi, ya fito cikin 1918. Labarin Jorj Ginemer ne, matuƙin jirgin yaƙi na Faransa.

An haifi Ginemer cikin 1894. Yaro ne siriri, marar ƙarfin jiki. Da yaƙi ya tashi cikin 1914, likitocin soja suka ƙi ɗaukar shi. Bai fid da rai ba. Ya fara da gyaran jirage, har ya koyi tuƙi. Jiragen rundunarsu suna ɗauke da hoton shamuwa. Ya harbo jiragen Jamus 53. Ran 11 ga Satumba 1917 ya tashi bisa ƙasar Beljik, bai komo ba. Shekarunsa 22. Danginsa ba su samu gawarsa ba.

Farkon littafin ya fi daɗi. Nan muke ganin nacin yaron da aka raina.

Amma daga baya Bordo ya zama maroƙi, sai yabo kawai. Dalili kuwa, ana cikin yaƙi ya rubuta, yana son ƙarfafa zuciyar mutanensa. Jiragen nan 53 da samari cikinsu, kowane da uwar da ta yi kuka. Littafin ya ƙidaya su kamar damman hatsi.

In kun samu littafi, ku tambaya: wa ya rubuta shi, yaushe, kuma don me? Ba duk abin da aka buga ne cikakken labari ba.