Kalmar "The" ta Ingilishi da Kuskuren Daidaita ta da Madanganci

An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa "the" ta Ingilishi daidai take da madangancin Hausa, watau -n da -r. Wannan bayani yana da sauƙin haddacewa, amma idan aka auna shi da yadda ake magana, sai a tarar bai cika ba.

Asalin kalmar nunau ce. A Tsohon Ingilishi tana da siffa uku bisa jinsi: "se" ta namiji, "seo" ta mace, da "þæt" ta abin da ba namiji ba mace. Daga bisani "þe" ta maye gurbin biyun farko, ta ukun kuwa ta zama "that". Ko "ye" da ake gani a allunan tsofaffin shaguna a Ingila, ita ce dai "the", domin masu ɗab'i sun riƙa sa y a madadin harafin þ.

Da ƙarfin nuni ya ragu, sai aikinta ya faɗaɗa. A 1905 Bertrand Russell ya ce tana nuna cewa abin guda ɗaya ne tak. A 1939 Paul Christophersen ya ce a'a, sanayya ce tsakanin mai magana da mai sauraro. Ra'ayi na biyu ya fi kusa da Hausa, amma ko shi bai kawar da bambancin ba. Madanganci, wanda karin sauti mai faɗuwa ke raba shi da mahaɗi, galibi yana komawa ne ga abin da aka riga aka ambata: "Wani yaro ya zo, yaron ya gaji." Ita kuwa "the" ba ta jiran ambato. Bature kan ce "the sun" ko "the king" da farar safiya, alhali Bahaushe "rana ta fito" zai ce, "sarki ya hau". Wanda ya ce "ranar ta fito" sai a tambaye shi wace rana.

A nan ɓarnar take. Ɗalibin da aka ɗora bisa waccan ƙa'ida yakan zubar da "the" a duk inda Hausa ta bar suna tsirara, mai fassara kuma ya cika labari da "gwamnatin" da "shugaban" tun ba a gabatar da kowa ba.