Daga Vespa zuwa Boxer

Idan dattawan Kano ko Zariya ko Katsina suka zauna hirar da, ba a jimawa babur zai shigo zancen. Wannan ya tuna Honda Benly da ya saya da kuɗin Udoji, wancan ya ce ai Suzuki ya fi jure hanyar ƙauye, mai Vespa kuwa ya yi murmushi kawai, don shi a ganinsa ba ajinsu ɗaya ba. Inda hirar ke ƙarewa kullum ɗaya ne: yaran yanzu sun zubar wa babur mutunci. Maganar ba ta rasa gaskiya ba, sai dai yaran da ake ɗora wa laifin ba su suka fara ba.

A shekarun 1970 babur matakala ne tsakanin keken Raleigh da motar Peugeot da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas a farkon 1975, kuɗi suka faɗo hannun akawu da malamin makaranta da duba-gari a dunƙule. Ga kuma rancen abin hawa da ake cira daga albashi kaɗan-kaɗan. Kasuwar ta buɗe har kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota a 1979. Wanda aka gani bisa babur a wancan zamani an san yana da ofis, ko rumfa a kasuwa, ko almajirai.

Mahaifina malamin firamare ne, Vespa yake hawa, kuma dalilinsa na sutura ne kafin na inji. Vespa ba ta da tanki a tsakiyar cinya, ba sai ka ɗaga ƙafa ka haura ba. Mutum zai tattara babbar rigarsa ya zauna kamar a kujera, garkuwar gaba ta tare masa ƙura da taɓo, ya isa masallacin Juma'a shaddarsa fes. Ranar Asabar da hantsi yakan fito da ita ƙofar gida, ya kwance filogi ya goge bakinsa da samfefa, ya hura, ya mayar. Baƙin mai da kansa yake aunawa ya zuba a tanki, bai yarda wani ya haɗa masa ba. Da magariba a sa katako a dokin ƙofa a tura ta zaure, a lulluɓe da tsohon zane. Ba ya ba da aronta, ko ga ƙaninsa. Idan zai wuce majalisar dattawa sai ya rage wuta tun daga nesa, ya sauke ƙafa ɗaya, a gaisa a tambayi iyali, sannan ya ja. Ni ina tsaye a gabansa, hannuna a kan nasa.

"Baba, a ƙara wuta mana."

"Kai, ina za mu da sauri? Makarantar guduwa za ta yi?"

Duk wanda ya san yadda ake riƙon doki a gidan sarauta ko na attajiri ya san inda aka samo wannan ladabi: wanka, ado, wurin kwana, kilisa da la'asar, da ƙin ba da aro. Babur ya gaji wannan gurbi a gidan ma'aikaci. Amma masu kewar zamanin sukan tsallake abu ɗaya. Mutuncin babur ɗin ya dogara ne da ƙarancinsa. Ana girmama mai Vespa don sauran unguwa a ƙasa suke tafiya, kuma mai naƙuda a ƙauye jaki ko amalanke take jira.

Abin da ya sauya lissafin shi ne matsin tattalin arziki na shekarun 1980, musamman bayan da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986. Naira ta faɗi, an rage ma'aikata, masaƙun Kano da Kaduna suka fara tangal-tangal, motocin haya suka tsufa babu kuɗin sabunta su. Waɗanda suka fara ɗaukar fasinja a babur da yawansu masu baburan nan ne na mutunci. Malami ya tashi daga aiki, ya ci abinci, bayan isha ya naɗe fuska da rawani ya nufi unguwar da ba a san shi ba, yana addu'ar kada ɗalibinsa ya tsayar da shi. Tun kafin wani yaro ya baro ƙauye da sunan acaba ko kabu-kabu, albashi ya riga ya kasa riƙe babur a matsayin abin kwalliya.

Sai baburan Sin suka shigo da araha, Jincheng a gaba, daga baya Boxer na kamfanin Bajaj daga Indiya, mai dogon sirdi da shan mai kaɗan. Bayan 1999 'yan siyasa suka mai da rabon babura hanyar sallamar magoya baya. A nan ne dangantakar mutum da abin hawansa ta juye. Yawancin 'yan acaba babur ɗin ba nasu ba ne. Na wani Alhaji ne da ke jiran balas kowace yamma, ko kuma biya ake yi a hankali a kan farashin da ya zarce na kasuwa nesa. Yaro ya fito da asuba da bashi a wuyansa: sai ya haɗa balas, ya haɗa kuɗin mai, ya biya tikitin ƙungiya, ya ajiye na mai faci, abin da ya ragu shi ne na tuwo. Mai wannan lissafi ba zai sauke ƙafa ya gaida majalisa ba. Shi ya sa ake cire madubi, a rage faɗin kan babur don a kutsa tsakanin motoci, a ɗaura hon na babbar mota. Ganganci ne, ba musu, kuma masu ɗori da asibitin ƙashi na Dala sun ga sakamakonsa. Amma kiran abin rashin tarbiyya kawai ragon bayani ne.

Hukuma kuwa ta fi sauƙin kama ƙarfe da ta gyara abin da ya haifar da shi. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaba ɗaukar mata a Kano, ta kawo babura masu ƙafa uku da har yau ake kira A Daidaita Sahu. A 2006 ministan Abuja na lokacin, Nasir El-Rufai, ya kore su daga tsakiyar birnin. A Janairun 2009 aka tilasta sa hular kwano, farashinta ya yi tsalle, wasu suka kifa ƙwarya ko bokitin fenti a ka suka ɗaure da igiya. An yi ta dariya har a kafafen labarai na waje, alhali ƙwaryar amsa ce ga dokar da aka yi ba tare da an tambayi aljihun wanda za ta hau kansa ba. Fasinjoji ma sun ƙi hular, wasu don ƙyamar gumin wani, wasu don jita-jitar ana sa asiri a ciki.

Daga nan zancen ya tashi daga hatsari ya koma tsaro. Masu harbi a kan babur suka sa aka haramta shi a Maiduguri a Yulin 2011. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana acaba a birnin Kano. A Nijar an hana zirga-zirgar babura a jihar Diffa a 2015, aka yi irin haka a Tillaberi a 2020, Zamfara da Katsina kuma suka taƙaita ta a 2021. Dalilin a fili yake, don ayarin babura da goyon mutum bibbiyu shi ne abin da ƙauyuka suka fi tsoron jin ƙararsa da dare. Sai dai ɗan bindiga a daji ba ya bin doka. Wanda ya bi ta shi ne manomin tattasai da ba shi da hanyar kai buhunsa kasuwa, da mijin da matarsa ke naƙuda a garin da mota ba ta shiga da damina.

Hawa don nishaɗi bai mutu ba, rabuwa ya yi gida biyu. Akwai samarin unguwa da ke rakiyar amarya suna ɗaga ƙafar gaba, suna kwanciya a sirdi, suna goga ƙarfe a kwalta har wuta ta tashi. Wannan jikan sukuwar hawan angwanci ne, kuma 'yan sanda ke bin su. Akwai kuma masu manyan babura na Abuja da Legas, da rigunan fata da huluna masu gilashi irin na ƙungiyoyin mahaya a Amurka da Turai, babur ɗaya ya fi kuɗin mota. Da yawa a Arewa ba su san da su ba sai da ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya yi hatsari a Gwarinpa a Disambar 2017. Gudun duka ɗaya ne, amma ɗaya ake kira ɗan iska.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, ma'aikata da dama sun jingine motocinsu sun sayi ƙananan baburan nan da ake kira roba-roba. Za ka gan su da safe a hanyar sakatariya, jaka a rataye, hula a aljihu don kada iska ta ɗauke, kowa na lissafin ko litar da ya zuba za ta kai shi Alhamis.